Teburin da ya shiga kicin: yadda Japan ta samo wurin cin abinci a gida mai murabba'in mita 35

Duk wanda ya taɓa leƙa tallar gidajen haya a Japan zai ci karo da wasu lambobi da haruffa da ba a damu da bayyana ma'anarsu ba, domin kowa a ƙasar ya san su: 1K, 2DK, 3LDK. Lambar farko adadin ɗakuna ce. Harafin K yana nufin kicin, L yana nufin falo, D kuma wurin cin abinci. Gidan da aka rubuta wa 2DK yana da ɗaki biyu da kicin mai ɗan faɗi, wanda za a iya ajiye teburi a cikinsa a ci abinci. Haruffan na Turanci ne, amma ko mutumin Ingila sai an yi masa fassara, saboda a Japan aka ƙirƙire su a tsakiyar shekarun 1950, lokacin da ƙasar take neman inda za ta tsugunar da miliyoyin mutanen da yaƙi ya raba da matsuguni.

A cikin haruffan nan, D ne mai labari. A yau tambayar inda za a sa teburin cin abinci a ƙaramin gida ta zama ta masu ƙawata ɗaki da kafintoci: a jingina shi da bango, a sayi mai naɗewa, a sa benci maimakon kujeru. A Japan ta bayan yaƙi kuwa, sai da tambayar ta kai gaban malaman jami'a da jami'an gwamnati, aka yi ta gardama a kanta da ma'auni a hannu. Hukuncin da suka yanke ya shafi inda mace za ta tsaya, da inda miji zai zauna, da ɗakin da yara za su kwana, kuma yana bin gidajen ƙasar har yanzu.

Kowa da akwatinsa

Kafin a zo ga teburi, sai an san abin da ya gada. A zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, har ma da shekaru masu yawa bayansa, iyalin Japanawa ba sa haɗuwa a kan abu guda su ci. Kowa da nasa tiren. A gidajen manoma da 'yan kasuwa abin da ya fi yawa shi ne hakozen, wani ɗan akwatin katako mai murfi wanda mutum yake ajiye kwanon shinkafarsa da na miya da ƙaramin faranti da tsinkayen cin abincinsa a ciki. Idan lokacin ci ya yi, sai ya juya murfin ya ɗora a kan akwatin, ya jera kwanukan a kai. Idan ya gama, ya zuba ruwan zafi ko shayi a kwanon, ya sude shi da yankin kayan lambun da aka tsima, ya shanye, ya goge, ya mayar cikin akwati. Wankewa sosai da ruwa sai jefi-jefi.

Da yake akwatin yana bin mai shi, wurin da aka ajiye shi yakan faɗi matsayin mutum ba sai an tambaya ba. Maigida yana wuri mafi daraja, babban ɗa yana biye da shi, matan gida suna kusa da ƙofar madafi saboda tashi da zama, barori kuma suna can gefe inda daɓen katako ya ƙare. Ba a son surutu lokacin cin abinci. Shi kansa madafin yana can ƙuryar gida, galibi ta ɓangaren arewa inda rana ba ta leƙawa, ga hayaƙi ga sanyi, kuma da yawa daga aikin cikinsa a tsugune ake yi.

A ƙarshen ƙarni na 19 wani sabon abu ya fara shiga gidajen birane. Sunansa chabudai, gajeren teburi ne da tsayinsa bai cika wuce santimita 30 ba, mai ƙafafu huɗu masu naɗewa, sau da yawa mai siffar faifai, ana zama a ƙasa a kewaye shi. Masanin al'adun abinci Naomichi Ishige, na gidan adana al'adun al'ummai da ke Osaka, ya bi diddigin wannan sauyi ta hanyar tambayar tsofaffi irin abin da suka ci abinci a kansa tun suna yara. Abin da ya samu shi ne a wajen tsakiyar shekarun 1920 chabudai ya rinjayi akwati. Ya fi karɓuwa a wurin ma'aikacin da ya baro ƙauye ya zauna a birni daga shi sai matarsa da 'ya'yansa, ba surukai ba barori. A karon farko iyali suka fuskanci juna a kan katako ɗaya. Ikon uba dai bai gushe ba. Har yau Japanawa suna da kalma ta musamman ga fusataccen uban da ya kifar da chabudai da abincin da ke kai, hoton da labarin zane na Kyojin no Hoshi ya dasa a zukatan mutane a ƙarshen shekarun 1960.

Babbar baiwar chabudai tana ƙafafunsa. Ɗakin Japanawa shimfiɗe yake da tatami, tabarmi masu kauri da kowace take da tsawon kusan santimita 180 da faɗin 90, kuma da su ake auna girman ɗaki. Da safe a naɗe katifu a tura cikin ma'ajiyar bango, a buɗe ƙafafun teburi a karya kumallo. Da dare a naɗe teburi a jingine, a fito da katifu. Ɗaki ɗaya ya zama na kwana, na ci, na karɓar baƙi. Mai karatun da ya tashi a gidan da ake shimfiɗa tabarma a ci tuwo, a naɗe ta a kwanta a wurin, ba ya buƙatar dogon bayani. Masu zanen gine-gine da yawa na wancan lokaci sun ɗauki wannan a matsayin hikimar gidan Japan, suka kuma kafa hujja da shi cewa talaka ba ya buƙatar fili mai yawa, tunda ɗakinsa yana iya rikiɗa.

Mutumin da ya shiga gidajen talakawa da ma'auni

Uzo Nishiyama, wanda aka haifa a Osaka a 1911 ya kuma yi karatun zanen gine-gine a jami'ar Kiyoto, bai gamsu da wannan yabo ba. A shekarun 1930 ya shiga unguwannin ma'aikata a Osaka da wasu manyan birane, yana auna ɗakuna, yana zana inda kowane kaya yake, yana tambayar wa yake kwana a ina, kuma a ina ake cin abinci. Abin da ya gano ya saɓa wa abin da ake faɗa a ajin jami'a. Ko a gidajen da suka fi kowanne ƙunci, mutane suna iya ƙoƙarinsu su keɓe wani ɗan lungu, ko da na tabarma biyu ko uku ne, su bar shi domin cin abinci kawai, su kuma cunkusu a sauran ɗakin su kwana. Sun gwammace matsin kwana a kan naɗe shimfiɗa sau biyu kullum.

Dalilan ba boyayyu ba ne ga wanda ya zauna a irin gidan. Uba yana fita aiki da asuba, yara suna barci. In ɗaki ɗaya ne, ko dai ya ci a tsaye ko a tashi kowa. In wani ba shi da lafiya yana kwance, ba a naɗe shimfiɗarsa. Ga ƙurar katifu da take tashi daidai lokacin da za a ajiye abinci, a ƙasar da tarin fuka ya fi kowace cuta kisa tun daga tsakiyar shekarun 1930 har zuwa 1950. A 1942, yana aiki a hukumar gidaje da gwamnati ta kafa lokacin yaƙi, Nishiyama ya fitar da matsayarsa da sunan shokushin bunri, ma'ana raba wurin ci da wurin kwana. A ganinsa, wannan shi ne mafi ƙarancin abin da gida zai cika kafin a ce mutane suna zaune cikin tsari.

Ƙarfin hujjarsa yana inda ya samo ta. Tun 1920 akwai ƙungiyar gyaran rayuwa da gwamnati take mara wa baya, wadda take kira ga Japanawa su koma zaman kujera irin na Turawa, kuma kiran bai wuce gidajen masu hali ba. Shi Nishiyama bai zo da wa'azin yadda ya kamata talaka ya rayu ba. Ya nuna wa masu zane abin da talakan yake yi tun tuni, ya ce a daina zana gidan da yake yaƙi da shi.

Sai yaƙi ya shafe gidajen da ya auna. Ruwan bama-baman Amurka ya ƙone biranen katako da takarda. A daren 10 ga Maris 1945 kaɗai kimanin mutum 100,000 suka mutu a Tokiyo. Da aka haɗa gidajen da suka ƙone, da waɗanda aka rushe domin tare gobara, da buƙatar miliyoyin da suka dawo daga ƙasashen da Japan ta mamaye, gwamnati ta ƙiyasta giɓin gidaje miliyan 4.2. Mutane suka zauna a ramukan ɓuya, da tsofaffin motocin safa, da rumfunan kwano. A 1950 aka kafa hukumar ba da rancen gina gida, a 1951 aka yi dokar gidajen gwamnati. Kuɗi kaɗan ne, siminti kaɗan ne, don haka kowane taku na fili sai an yi masa lissafi.

Lissafin 1951

A shekarar aka nemi zane na bai-ɗaya da za a riƙa bi wajen gina benayen kankare na haya. An yi nau'i uku, A da B da C. Mafi ƙanƙanta, wato C, ya fito daga ɗakin binciken Yasumi Yoshitake na jami'ar Tokiyo, tare da ɗalibinsa Shigebumi Suzuki, kuma shi ne tarihi ya riƙe da sunan 51C. An ba su tsubo 12. Tsubo ɗaya tabarma biyu ce, kimanin murabba'in mita 3.3, don haka jimillar ta kusa 40, amma in aka cire rabon matakala da makamantansa abin da ya rage wa iyali bai wuce kimanin 35 ba. Wuri ne mai tsawon mita bakwai da faɗin biyar, kuma a ciki ake so iyaye da 'ya'ya su rayu.

Sharuɗɗa biyu suka ɗora wa kansu. Na farko na Nishiyama ne, a raba ci da kwana. Na biyu, a raba kwanan iyaye da na yara, da na 'ya'ya maza da mata in sun tasa. Sharaɗi na biyu yana cin ɗaki biyu: suka ba ɗaya tabarma 6, kusan murabba'in mita 10, ɗayan kuma 4 da rabi, bakwai da 'yan kai. Rabin gidan ya tafi ke nan. A sauran rabin za a fitar da mashiga, da ban-ɗaki, da ma'ajiyar katifu, da kicin. Ɗaki na uku domin cin abinci ba ya cikin lissafi ko kaɗan. In kuma aka ce a ci a ɗaya daga ɗakunan biyu, to ya tashi daga ɗakin kwana, iyali duka za su koma ɗayan, sharaɗi na biyu ya rushe.

Mafitar ta zo daga binciken da suka yi a benayen gwamnati da aka riga aka gina. Sun ga inda kicin ya ɗan sami sarari, akwai iyalan da suke cusa ƙaramin teburi a ciki, musamman domin karin kumallo. Sai suka tsuke duk abin da zai tsuku, suka ƙara wa kicin abin da aka samu, har ya isa a girka a gefe ɗaya a ci a ɗaya gefen. Ba su ƙara ɗaki ba. Kicin ɗin da a dā ake ɓoyewa shi suka faɗaɗa suka kai iyali ciki.

Domin a ga nauyin wannan zaɓi, yana da kyau a duba abin da Jamus ta yi shekaru 25 kafin nan, da ta fuskanci irin wannan ƙarancin gidaje bayan yaƙin duniya na farko. A 1926 Margarete Schütte-Lihotzky, 'yar ƙasar Ostiriya, ta zana wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt wani kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon 3.4, bayan an ƙirga takun mace da motsin hannunta kamar yadda ake yi a masana'anta. An kafa kusan 10,000. Ma'aikatan Jamus sun saba da babban kicin da ake girki, a ci, a yi hira a cikinsa. Sabon zanen ya fitar da teburi ya kai falo, ya bar kicin ya zama wurin aikin mutum ɗaya. Kicin ne mai kyau ƙwarai, amma daga baya an soke shi da cewa ya kulle mace ita kaɗai. Japan ta bi kishiyar hanya, kuma talauci ne ya tura ta: ba ta da falon da za ta kai teburin.

Sai dai talauci ba shi kaɗai ba ne. A 1947 sabon tsarin mulki ya fara aiki, ya daidaita miji da mata a gaban doka, aka kuma soke tsohon tsarin da ya ba shugaban gida iko a kan kowa. A 1949 Miho Hamaguchi, wadda ake lissafawa a matsayin mace ta farko da ta yi fice a zanen gine-gine a ƙasar, ta fitar da littafi a kan yadda tsarin mulkin gargajiya ya gina kansa a cikin gidan Japan. Hujjarta ita ce ɗakuna ma suna da martaba kamar mutane: ɗakin baƙi na maigida yana sama, ya kwashe rana da fili, madafi yana ƙasa tare da wadda take aiki a ciki. Muddin a wani wuri ake dafawa a wani wuri ake ci, to akwai mai hidima da wanda ake yi wa hidima. Haɗa su wuri guda, a wajenta, ɗaga darajar mai girkin ne.

Da hukuma ta sayi teburi

Zanen 51C ya zama ruwan dare ne bayan 1955, da aka kafa Hukumar Gidaje ta Japan domin gina wa ma'aikatan birane masu matsakaicin albashi. Ta ɗauki tsarin, ta ƙara tsubo ɗaya ya zama 13, ta sa wurin wanka a cikin gida, ta juya kicin ya kalli kudu, ɓangaren da rana take haskawa, wanda a dā na ɗakin baƙi ne. A takardun hukumar ne aka fara rubuta DK. Rukunin gidajenta na farko, Kanaoka a birnin Sakai kusa da Osaka, ya karɓi mazauna a 1956. Irin waɗannan rukunai su ake kira danchi.

Nan aka gamu da matsalar da zane ba ya magancewa. Daɓen DK katako ne, ba tatami ba, an yi shi domin teburi mai tsayi da kujeru, alhali yawancin masu shigowa ba su taɓa mallakar irinsa ba, kuma kasuwa ba ta cika da mai araha daidai wannan ɗan wuri ba. In aka bar wurin fayau, mai gida zai ɗauki chabudai ɗinsa ya koma kan tatami, kicin ya zama wurin jibge kaya, duk lissafin 1951 ya tashi a banza. Don haka a shekarun farko hukumar da kanta ta riƙa sa teburi a cikin gidajen, mai haya ya tarar da shi kamar yadda yake tarar da ƙofa da taga. Akwai abin dariya a nan: tunanin da ya samo asali daga kallon abin da mutane suke yi da kansu, ya ƙare da hukuma tana ajiye musu teburi domin kada su yi wani abu dabam.

Matsala ta biyu ita ce abin da mai cin abinci zai riƙa kallo. Wurin wanke-wanken da aka saba da shi na siminti ne da aka cakuɗa da tsakuwa aka goge, yana tsagewa, yana riƙe danshi da ƙarni. Ba wanda zai so ya ci abinci yana fuskantarsa. Na farin ƙarfe mara tsatsa yana nan, amma da hannu ake haɗa shi, sai mai kuɗi. Hukumar ta yi amfani da yawan gidajen da za ta gina ta ba da oda mai yawa, kamfanin Sunwave kuma ya yi nasarar matse shi da inji daga falle ɗaya a 1956, farashi ya sauko. Hamaguchi ta ba da shawara a kan jerin kayan, aka sa wurin wanke-wanke a tsakiya, wurin yanka a gefe, murhu a ɗaya gefen. Ƙyallin wannan ƙarfe ya yi wa DK talla fiye da duk wata maƙala.

Sauran kayan suka biyo baya da sauri. Toshiba ta fitar da tukunyar lantarki mai dafa shinkafa ta kashe kanta a 1955. Firiji da injin wanki da talabijin suka zama burin kowane ma'aikaci, har ana kiransu taskoki uku masu tsarki. A 1958 mujallar Shukan Asahi ta raɗa wa mazauna waɗannan gidaje suna danchi-zoku, wato ƙabilar danchi. Kuɗin hayar ba na talaka ba ne, kuma duk da haka sai an yi ƙuri'a saboda yawan masu nema. A watan Satumba na 1960 yarima mai jiran gado Akihito da matarsa Michiko suka ziyarci rukunin Hibarigaoka a yammacin Tokiyo, suka tsaya a barandar ɗaya daga gidajen aka ɗauki hoto. Daga nan magina masu zaman kansu suka kwaikwayi tsarin, har manoma suka riƙa daɓe tsofaffin madafansu suna sa teburi. A lissafin Ishige, a farkon shekarun 1970 teburi mai kujeru ya rinjayi chabudai. Akwati ya yi ƙarnuka, chabudai bai kai shekara hamsin yana mulki ba.

Abin da teburin bai iya ba

Mazauna ba su bi zanen sau da ƙafa ba. Da talabijin ya shigo, kuma kujerun falo suka biyo shi, DK ba shi da inda zai sa su. Sai aka buɗe ƙyauren da ke tsakaninsa da ɗakin tatami na kusa, aka shimfiɗa kafet, ɗakin ya zama falo, iyali suka koma kwana a ɗaya ɗakin. Ci ya rabu da kwana, amma kwanan iyaye da yara ya sake haɗuwa. Wannan ne ya haifi harafin L, ya kuma sa gidajen da suka biyo baya suka zama 2LDK da 3LDK. Tabarmin danchi ma an ɗan rage musu girma zuwa kimanin santimita 170 da 85, ta yadda ɗaki mai tabarma shida a takarda bai kai shidan da kakanni suka sani ba.

Maganar darajar mace kuwa ta fi wuyar yanke hukunci. Gaskiya ne ta fito daga duhu da sanyi, ta daina kai tire tana komawa, ta zauna a kan teburi ɗaya da kujera irin ta kowa. Amma kujerarta ita ce ta kusa da murhu, kuma girkin bai tashi daga kanta ba. An gina manyan danchi a bayan gari inda fili yake da araha, miji yana fita da sassafe ya bi jirgin ƙasa, ya dawo bayan yara sun yi barci. Teburin da aka auna wa mutum huɗu ya fi ganin uwa da 'ya'yanta, daga baya kuma, da darussan yamma suka kwashe yaran, ya riƙa ganin mutum ɗaya-ɗaya. A farkon shekarun 1980 cin abincin yara su kaɗai ya zama abin muhawara a ƙasar. Fim ɗin Kazoku Geemu na Yoshimitsu Morita, wanda ya fito a 1983, ya zaunar da iyali a kan wani dogon teburi siriri, a jere kafaɗa da kafaɗa, duk suna fuskantar gaba, ba mai kallon wani. Masu kallo sun gane abin da ake nufi.

Masaniyar zamantakewa Chizuko Ueno ta soki tsarin gaba ɗaya da cewa akwati ne da aka ƙera wa iyali iri ɗaya tak, miji da mata da 'ya'ya, alhali irin wannan iyali yana ta raguwa. Suzuki, wanda ya rayu har ya ji wannan suka, bai yarda a jingina wa 51C laifin abin da kasuwa ta yi daga baya ba. A wurinsa zanen amsa ce ga tambayar 1951, wadda aka samo daga duba rayuwar mutanen 1951, kuma abin da ya kamata a gada shi ne duban. Yana da gaskiya a nan, ko da yake wanda ya zana abin da aka maimaita sau dubbai ba ya rasa kaso a abin da ya biyo baya.

Giɓin gidaje miliyan 4.2 ya cike a 1968, shekarar da adadin gidaje ya zarce na iyalai a faɗin ƙasar. Danchi suka tsufa tare da waɗanda suka ci ƙuri'arsu. A Tokiwadaira da ke birnin Matsudo, wanda aka fara shiga a 1960, an tarar da ƙasusuwan wani mazauni a farkon shekarun 2000, shekara uku bayan rasuwarsa; banki yana ta cire kuɗin haya daga asusunsa, sai da kuɗin suka ƙare aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mazauna rukunin suka kafa tsarin leƙa tsofaffin da ke zaune su kaɗai. A gidan tarihi na birnin kuma an sake gina 2DK ɗaya na Tokiwadaira kamar yadda yake a 1962, da teburinsa da kujerunsa da farin ƙarfen wanke-wanke, baƙi suna shiga suna mamakin ƙanƙantarsa.

Harafin D dai yana nan a tallar haya, har sai da aka yi masa doka, saboda dillalai sun riƙa liƙa shi a kan kicin da ko kujera biyu ba zai ɗauka ba. Tun 2011 ƙa'idar tallar gidaje ta tanadi cewa a gida mai ɗaki ɗaya ba a kiran wuri DK sai ya kai tabarma 4 da rabi, a mai ɗaki biyu ko fiye kuma sai ya kai 6, kowace tabarma ba ta gaza murabba'in mita 1.62 ba. Wato kimanin murabba'in mita 7.3 a na farko, 9.7 a na biyu. In bai kai haka ba, dillali sai dai ya rubuta K.